Mace za ta je Abuja daga Kano ita kaɗai: mota ko jirgin ƙasa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata budurwa aka kira jarrabawar ɗaukar aiki a Abuja, ranar Talata da ƙarfe 9 na safe, kuma babu namijin da zai samu raka ta. Ba ta taɓa wuce Zariya ba. Ta shiga mota kai tsaye ne, ko ta je Kaduna ta hau jirgi? Me ya kamata ta kiyaye? Don Allah waɗanda suka san hanyar su yi mana bayani dalla-dalla.

Baban Tasha:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin zaɓen mota ko jirgi a fara gyara lokaci. Ta tashi ranar Litinin da sassafe, ta kasance cikin tasha ƙarfe 6, ta samu motar farko. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kuma da aikin hanya da cunkoson Kaduna da na Zuba, tafiyar kan ci awa 7 ko fiye. Wadda ta tashi ƙarfe 11 magariba za ta riske ta wajen Jere ko Tafa, ta shiga baƙon gari cikin duhu. Yawancin matsalar daga nan take farawa.

Ta shiga cikin tasha sosai, Unguwa Uku ko Na'ibawa, inda 'yan ƙungiya ke lodi bisa layi, ana rubuta sunan fasinja da lambar ɗan uwansa a takarda. Kada ta kula masu tare mutane a bakin titi suna cewa saura mutum ɗaya, ga rangwame. Motar da ba ta bi layi ba, in wani abu ya faru babu wanda ya san direbanta. Akwai kuma dabarar zaunar da yaran tasha a cikin mota don a ga kamar ta kusa cika, in fasinja ya biya sai su zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Ta duba but: mota mai mutum shida babu jaka ko ɗaya, ba matafiya ba ne.

Wurin zama, ta nemi kusa da wata mace, gefen ƙofa ko taga. In ƙaramar mota ce da ake cusa mutum biyu a gaba, gara ta biya kuɗin kujera biyu ta zauna ita kaɗai. Kafin a tashi ta ɗauki hoton lambar motar ta tura gida, a gaban direban ma, babu kunya a ciki.

Malamar Asibiti:
Baban Tasha ya gama da mota. In da hali, ni jirgi zan zaɓa mata daga tashar Rigasa da ke Kaduna. Kowa da kujerarsa mai lamba, akwai banɗaki, akwai jami'an tsaro, kuma cikin 'yan awanni an isa. Ba za a ɓoye ba, an kai wa jirgin hari ranar 28 ga Maris 2022, aka dakatar da shi har Disamba na shekarar. Tun daga dawowarsa tikiti sai da lambar NIN, kuma ana duba sunan da ke tikitin da katin shaida. Saboda haka ta saya ta intanet da sunanta tun da wuri, kada ta dogara da masu sayarwa a bakin ƙofa, tikitin mai sunan wani zai iya sa a mayar da ita. Ta tabbatar da lokacin tashi kwana ɗaya kafin tafiya, don jadawalin yana canzawa, sannan ta bar tazarar awa 2 tsakanin isarta Kaduna da tashin jirgin, domin Rigasa tana can gefen gari.

Wurin sauka ma a duba. Tashar Idu, inda jirgin ke ƙarewa a Abuja, tana da nisa da unguwannin mutane. In masaukinta Kubwa ne, ko Dutse, ko Gwarimpa, sauka a Kubwa ya fi mata sauƙi.

Abin da ake mantawa: kada ta ƙi shan ruwa don gudun fitsari, ciwon kai da jiri ne sakamakon. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta taho da abincinta daga gida, ko dabino da biskit. Abin sha ko alewa daga hannun baƙo, ko da mace ce mai fara'a, ta ce Alhamdulillah ta ƙoshi. Ana zuba maganin barci a lemo, mutum ya farka babu waya babu jaka.

Ɗan Kubwa:
Ranki ya daɗe, hanyar ba ta kai cikin Abuja ban tsoro ba ga baƙuwa. 'Yan wan-cans su ne abin kiyayewa: mota ce kamar tasi, da direba da fasinjoji biyu ko uku, wani lokaci har da mace, duk bakinsu ɗaya. Suna ɗaukar mutum a gefen babban titi, su kulle ƙofa, su karɓe waya da katin banki, su tilasta masa faɗin lambar sirri. Alamominsu: gilashi mai duhu, mota marar fenti ko lambar ƙungiya, da fasinjan da zai fito ya ce ke shiga tsakiya. Kada ta yarda a sa ta tsakiya, kada ta tare mota a ƙarƙashin gada.

Mafi kyau wanda za ta sauka wurinsa ya zo ya tarye ta a Zuba ko Jabi. In ba zai samu ba, ta kira mota ta manhaja irin Bolt tana cikin tasha, ta gwada lambar motar da fuskar direban da abin da wayar ta nuna. In sun saɓa, ta soke, ko da ya ce motar ƙaninsa ce.

Waya kuwa, ta cika caji, ta riƙe ƙaramin batirin caji, ta kunna wa mutum ɗaya a gida raba wuri kai tsaye a WhatsApp, akwai zaɓin awa 8. Ta sa wa layinta lambar sirri, domin ɓarawo kan cire layin ya sa a wata wayar ya kwashe kuɗin banki. Lambobi uku na 'yan uwa ta rubuta su a takarda. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122.

Yaya Babba:
Batun muharrami na san wasu za su tayar, wannan a kai wa malamai, mu dai muna magana ne kan tafiyar da ta zama dole.

Kuɗi ta raba su uku: canjin hanya a jakar hannu, kuɗin komawa gida a lalita ƙarƙashin zani, sauran a banki. Takardun makaranta na asali su zauna a jakar da ke kan cinyarta, ba a but ba, don a Kaduna da Tafa ana sauke kaya ana ɗorawa, jaka kan bi wani.

Sai baki. Mai tambaya ina za ki, wa kika sani a garin, amsa ɗaya ce: yayana na jirana a tasha. Kada ta ce karonta na farko ke nan. In wani ya fara matsa ta a mota, kada ta yi shiru don kunya, shirun shi yake nema. Ta ɗaga murya kowa ya ji, ta ce malam gyara zamanka, sannan ta ce wa direba ya canza mata wuri. Da wuya a rasa dattijon da zai tsawata.

In otal za ta kwana, ta karɓi ɗakin da ba a ƙarshen lungu ba, ta gwada sakata kafin ta biya, wanda ya ƙwanƙwasa da dare ta kira masu karɓar baƙi ta waya kafin ta buɗe. Da yammacin Litinin ta je ta ga ƙofar ofishin da idonta, ta san minti nawa ne daga masaukin.

Uwar Biyu:
Allah Ya saka da alheri. Za a nemi tikitin Rigasa yau, kuma akwai 'yar uwa a Kubwa da za ta tarye ta.