Bokitin cincin da alkakin Sallah: yaya kuke yi da su?

Maman 'yan biyu, Kano: Salamu alaikum jama'a. Saura kwana tara Sallah, ni kuwa gabana ya fara faɗuwa. Bara na sauke kilo uku a azumi, har rigar da na fid da rai da ita ta shige ni. Kafin Shawwal ya raba na mayar da su har da riba. Kuma ba naman kaza ne ya yi min aikin ba, bokitin cincin ne da na ajiye bayan ƙofar ɗaki, sai dubulan ɗin da surukata ta aiko. Ko tsintsiya na je ɗauka sai na zura hannu. Don Allah wanda ya taɓa tsallake wannan tarko ya faɗa mana. Ba wa'azi nake so ba, abin da aka gwada.

Anti mai soye-soye, Zariya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni da sana'ata ce, da ina biye wa bakina da yanzu ƙofa ba ta ɗauke ni. Duk suyar Sallah da rana nake yin ta, ina azumi, ba halin "bari in ɗanɗana in ji". Cincin na gida kuma na rage masa sukari kusan rabi, shekara biyu ke nan, ko maigidan bai gane ba. Amma dubulan da alkaki ba a yi musu wannan wayon, tunda a ruwan sukari ko zuma ake tsoma su. Waɗannan yawan za ki rage. Kuma ki rabu da bokiti. Ki ƙulla a ƙananan ledoji, ki ɗora can saman kwaba inda sai kin taka kujera. Ƙyuya ma tana da ranarta.

Malamin firamare, Maraɗi: Ni matsalata ba ta cikin gida ba ce, yawon barka da Sallah ne. Gida bakwai nake shiga ranar, kowane gida sai an dire min faranti da lemo mai sanyi, in ka ƙi a ce ka yi girman kai. Da ina fita da yunwa wai don in samu wurin zuba na mutane, ashe nan ne kuskuren. Yanzu sai na ci tuwona da miyar taushe na ƙoshi kafin in sa takalmi. In an kawo lemo ba na buɗewa, sai in ce a taimaka min da ruwa tukuna, ana cikin gaisuwa an manta. Farantin kuma in ɗauki ɗaya, in ce "Hajiya a ƙulle min sauran in kai wa yara". Ba wadda ta taɓa jin haushin wannan. Gidan Gwaggo ne kawai dabarar ba ta ci, don zama take a gabana sai ta ga nakiyar ta wuce maƙogwaro.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Malam, lemon nan da kake kaucewa shi ne babban ɓarawon. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ga babba wajen gram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, in an iya komawa 6 ya fi. Na juya wata kwalba na karanta, gram 10 da ɗoriya a kowane mililita 100. Ke nan ta rabin lita ita kaɗai ta cinye kason yini. Zoɓo da kunun aya na gida ma ba su tsira ba in an yi musu hannu sake. Batun yara kuma: gara su ci alawarsu lokaci guda bayan abinci su kuskure baki, da a ce suna tsotsa daga safe har dare. Duk tsotsa ɗaya ƙwayoyin cutar baki na mayar da sukarin sinadari mai cin haƙori, balle iloka da tuwon madara masu maƙalewa.

Baba mai ritaya, Katsina: 'Yata kin faɗi gaskiya. Ina da ciwon suga. Wata Sallah na ce alkaki biyu ba zai kashe ni ba, na kora da lemo. Washegari na'urar gwaji ta nuna min lambar da ban taɓa gani ba, Hawan Bariki a kwance na ji shi a rediyo. Yanzu jikoki na ɗora wa gadi. Ƙaramar cikinsu ko hannuna ta ga ya doshi faranti sai ta ƙwala wa kakarta kira.

Uwar gida a Amurka: Ku naku kwana uku ne. Mu nan daga Halloween, bikin da yara ke bin gidaje karɓar alawa ranar 31 ga Oktoba, ake fara ruwan alawa, a bi da bikin godiya a ƙarshen Nuwamba, sai Kirsimeti. Yarana ba sa bin gidaje, amma daga makaranta suke dawowa da ita aljihu cike. Mukan zube ta a tabarma, duk mai jelatin (sinadarin da ake samu daga ƙashi da fatar dabba) da ba mu san asalinsa ba a ware, nan take ta ragu sosai. Kowa ya zaɓi goma, saura in kai wurin aiki. Sai dai fa a wurin aikin ni ce ke zaune kusa da kwanon.

Direban tirela: Haba jama'a! Wata guda mutum na ƙishirwa, ranar Sallah ma a ƙirga masa cokali? Ni dai zan ci.

Maman 'yan biyu, Kano: Yaya direba ci abinka, ranar Idi ni ma ba zan ƙirga ba. Kwana ashirin da ke biyo baya ne ke kashe ni. Anti, na sayo ledojin. Mudu biyu zan soya bana maimakon biyar, kuma Sitta Shawwal zan kama tun kwana uku da Sallah, kafin in saba da hanyar kwaba. Dubulan ɗin surukata ne ban san yadda zan yi da shi ba, don in ta zo sai ta buɗe robar ta duba ko an ci.