Takalmin gudu: 43 ya matse, 44 ya yi yawa

Salamu alaikum 'yan uwa. A Jidda nake, ina atisayen gudun fanfalaki na Riyad, mai kilomita 21. Bayan Asuba nake fita gudu a Kornish, hanyar bakin teku.

Takalmi ya ishe ni. Lamba 43 daidai yake a shago, amma da na wuce kilomita 12 sai ƙafa ta kumbura, babban yatsa ya riƙa dungurar gaba, farcen har ya yi baƙi. Na sayi 44, yanzu diddige ke zamewa, ga bororo a ƙafar dama. Na ɗaure igiya har hudar ƙarshe, na sa safa mai kauri, zufa kawai ta ƙaru. Riyal dai sun tafi.

Ƙafata mai faɗi ce. Don Allah, 43 mai faɗi zan nema ko 43 da rabi?