Muhawara: Shin ajiye bulala zai rage cin zali a makarantun kwana?

Malamar sakandare, Zariya:
Assalamu alaikum. Ra'ayin da na kawo a tattauna shi ne cewa ba za a daina dukan da ɗalibai ke yi wa junansu a makarantun kwana ba muddin malamai na riƙe da bulala, kuma suna miƙa ta ga shugabannin ɗalibai. A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu suka rasa rayukansu a makarantar kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano, bayan 'yan'uwansu ɗalibai sun yi musu duka. Yaron da ke ajin ƙarshe bai ƙirƙiro hukuncin duka da kansa ba, a hannunmu ya gan shi tun yana ɗan aji ɗaya, ya kuma fahimci cewa duk wanda ya fi wani matsayi yana da ikon taɓa lafiyar jikinsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma makaranta ba ta kuɓuta daga wannan lissafi ba.

Shugaban makaranta mai ritaya, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malama. Ban yarda da ke ba, kuma zan faɗi dalili. A zamanin da na riƙe makaranta akwai bulala, amma tana da doka: ba a dukan yaro sai a ofishin shugaban makaranta, a gaban shaida, sannan a rubuta sunansa da laifinsa da adadin bulalar a littafin horo. Abin da ya lalace shi ne tsari. Malaman da ya kamata su kwana kusa da ɗakunan ɗalibai sun koma cikin gari saboda gidajen malamai sun ruguje, ga rashin wuta, don haka daga sallar isha zuwa asuba yara ɗaruruwa suna hannun yara 'yan'uwansu. Ki ɗauke bulala daga hannun malamin da ke fama da ɗalibai fiye da ɗari a aji guda, ki bar dare yadda yake, ki gani ko wani abu zai sauya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamin Islamiyya, Kano:
Tun da kowa yakan kafa hujja da addini a wannan batu, ya kamata a faɗi abin da malamai suka rubuta. Hadisin da ake yawan kawowa shi ne na Abu Dawud, wanda ya yi umarni a koya wa yara salla suna da shekara bakwai, a buge su a kanta suna da shekara goma. Amma a Bukhari da Muslim an hana wuce bulala goma in ba a haddi ba, kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Ibn Sahnun na birnin Ƙairawan da ke Tunisiya, wanda ya rubuta littafi a kan ladubban malamai tun ƙarni na uku bayan hijira, ya taƙaita dukan ladabtarwa a kan bulala uku a mafi yawan hali, ya hana dukan fuska da kai, ya kuma hana malami duka yana cikin fushi. Ibn Khaldun ya je gaba da haka a cikin Muƙaddima, inda ya ce tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara, domin yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannun da ke kansa. Saboda haka, Baba, ko da mun bar bulala a hannun malami, sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka gindaya ba su bar gurbin dorina da wayar lantarki ba, balle a ce yaro ɗan shekara 17 ya tara ƙannensa da tsakar dare yana yanke musu hukunci.

Uwar ɗalibi, Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan bayani. Ni ba ni da ilimin littattafai, abin da idona ya gani zan faɗa. Ɗana ya dawo hutu daga wata makarantar kwana, na lura ba ya cire riga a gaban ƙannensa ko da ana tsananin zafi. Da na matsa masa sai na ga sawun bulala a gadon bayansa, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu kuma sababbi. Laifinsa shi ne bai cika wa wani siniya bokiti da ruwa kafin asuba ba. Garin kwaki da sukari da madarar da nake haɗa masa, a makon farko ake raba shi da su. Da na tambaye shi me ya sa bai kai ƙara ba, sai ya ce idan ya kai, malamin horo zai kira siniyan ya zane shi a gaban taro, da dare kuma siniyan ya rama a kansa ninki biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce yana ƙirga shekarun da suka rage masa shi ma ya zama siniya.

Lauya, Abuja:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ta fuskar doka akwai cin karo. Sashe na 55 na kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code, wanda jihohin Arewa suka gada tun 1960, ya ce ba laifi ba ne malamin makaranta ya ladabtar da yaron da bai kai shekara 18 ba, matuƙar bai yi masa mummunan rauni ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 kuwa ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi, amma ba ta ambaci bulalar makaranta da suna ba, shi ya sa kowane ɓangare ke samun abin kamawa. Sai dai sashe na 55 ɗin malamin makaranta ya ambata, bai ambaci ɗalibi ba. Siniyan da ya doki ɗanki ya aikata laifin raunata mutum, kuma makarantar da ta ba shi izini tana da alhaki. Mu kuma tuna cewa a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu yara, wasu da sasari a ƙafa, alhali iyaye da kansu suka kai su da sunan gyaran hali.

Malamin firamare, Kumasi:
Ina gaida iyayena da 'yan'uwa. Mu a Gana mun riga mun shiga abin da kuke muhawara a kai, domin hukumar ilimi ta hana bulala a 2017, ta sake jaddada hanin a farkon 2019 tare da umartar malamai su koma ga wasu hanyoyin ladabtarwa. Gaskiya ita ce takardar umarni ta riga horarwa isowa. Malamai da yawa sun ji an ɗaure musu hannu, wasu suka zuba wa yara ido, wasu kuma suka ci gaba da duka a ɓoye. Don haka ina tare da Baba a rabin maganarsa, hani kaɗai ba ya wadatarwa.

Malamar sakandare, Zariya:
Malam, ban ce hani kaɗai ba, kuma akwai inda aka gwada haɗa shi da horarwa. A gundumar Luwero ta Yuganda an ɗauki makarantun firamare 42, aka raba su biyu, rabi suka bi wani shiri na ƙungiyar Raising Voices na tsawon wata 18. An horar da malamai, an kafa kwamitocin ɗalibai da na iyaye, an sanya akwatin ƙorafi, kuma ɗalibai suka shiga cikin tsara dokokin makaranta. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa dukan da malamai ke yi wa yara ya ragu da kashi 42 cikin ɗari. Waɗannan makarantun karkara ne masu cunkoso irin namu. Baba, labarin Hajiya ya amsa maganarka ta littafin horo: malamin horo zai yi bulalarsa a fili bisa ƙa'ida, amma ƙarshenta a bayan ƙaramin yaro za ta sauka da dare.

Shugaban makaranta mai ritaya, Katsina:
'Yata, makarantun da kika ambata na firamare ne, ni kuwa ina maganar samari masu ƙarfi, wasu da wuƙa a aljihu, wasu sun fara shaye-shaye. Har yanzu ina ganin a bar wa shugaban makaranta shi kaɗai wannan iko, a kan manyan laifuka, da sanin uban yaro. Amma na yarda ba tare da wani sharaɗi ba cewa a raba ɗalibi da bulala gaba ɗaya, kada a bar masa ko da tsallen kwaɗo ko gwale-gwale ya sa wani. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu tun 2021, to jihohi su fara da gyara gidajen malamai, a raba ɗakin kwanan ƙanana da na manya, a kuma biya malamin da zai kwana a cikinsu alawus ɗinsa.

Uwar ɗalibi, Kaduna:
Baba, ni abin da zan kai taron iyaye da malamai na wannan zango abu biyu ne. A nuna mana malamin da ke kwana a kowane ɗaki da sunansa da lambar wayarsa, sannan a samar da hanyar da yaro zai kai ƙara ba tare da siniyan ya san wanda ya kai shi ba. Barista, idan makaranta ta ƙi, wa ya kamata mu rubuta wa, ofishin ilimi na shiyya ko kwamishina kai tsaye?