Shanu sun ci gona: yaya ake yanke diyya ba a zalunci kowa ba?

Mai tambaya, Damagaram:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Idan garke ya faɗa gonar hatsi kafin girbi, aka zauna sulhu gaban mai gari, da wane ma'auni ake yanke diyya? Manomi na faɗin nasa, makiyayi na faɗin nasa.

Amsa daga Mirya:
Wa alaikumus salam Malam. Kada a fara da kuɗi, a fara da gona. A je tun sawu bai ɓace ba, da wakilin manomi, wakilin makiyayi da mutumin mai gari. A auna inda aka ci da takun ƙafa, tsawo da faɗi. A auna daidai wannan girman a gefen da ba a taɓa ba, a ga dami nawa zai ba da, a sussuke dami ɗaya a auna da tiya. Buhu mai kilo 100 kusan tiya 40 ne, lissafi ya fito ke nan. Inda ake tafka zalunci shi ne yanke kuɗi kan kowace saniya: shanu 30 na iya ratsawa su ci kaɗan, 5 su kwana su cinye rabin gona. Sai farashi. A tsayar da na kasuwar ranar sulhu, domin manomi zai so na bazara, makiyayi na kaka.

Amsa daga Tanut:
Gaskiya ne Malam, amma a fara duba ko gonar ta ci burtali, kuma ko hukuma ta riga ta sanar da sakin gonaki, wato barin dabbobi su shiga bayan girbi. Kwamitin kula da filaye, wato COFO da dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa, shi ke da masaniyar iyakoki. Wanda ya toshe hanyar dabbobi da shuka ba shi da bakin neman cikakkiyar diyya. Kuma in makiyayi bai jin Hausa sosai, a samo tafintan da ya yarda da shi. Baƙo ne mai sauri, sau da yawa yakan biya abin da bai kamata ba don a sakar masa dabbobi, ya tafi da abin a zuci.

Amsa daga Birni:
A Malikiyya ɓarnar dare tana kan mai dabbobi, ta rana kuwa sai an duba ko makiyayi ya yi sakaci. A rubuta takardar sulhu: adadi, ranar biya, shaidu, kowa ya sa hannu. In abin ya gagara, sai gaban sarkin kanto, wato sarkin da ke sama da mai gari, daga nan kotu.