Shawarwari kan kare muhalli a makarantar koyon likitanci

A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, an fi daɗewa a kan ɗakin tiyata, kuma da dalili. Iskar sa barci ta desflurane ta fi iskar kabon ɗumama duniya sau fiye da 2,000, shi ya sa Sukotland ta daina amfani da ita a 2023. Aka ba da shawarar a saba wa ɗalibai da sevoflurane (wata iskar sa barci da ba ta kai desflurane ɗumama duniya ba) da maganin barci na jijiya tun suna aji, su kuma san cewa nitrous oxide, wata iskar rage raɗaɗi da ita ma ke ɗumama duniya, kan zurare daga tsofaffin bututun asibiti kafin ta kai ga majiyyaci.

Sai shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da haɗari, amma ganganci kan sa a haɗa ta da wadda za a ƙona. A raba tun wurin zubarwa.

A ɗakin gwaji, a mayar da sanyin firjin ajiye samfura daga digiri -80 zuwa -70 a ma'aunin Celsius inda samfurin zai jure.

Batun manhajar karatu ne ya raba kawuna. Wasu na son darasi na musamman, amma ni na fi karkata ga masu cewa a saka zafin rana cikin darasin ciwon ƙoda, hayaƙi cikin na asma.