Me ya sa ƙasan kwari ya fi saman tsauni sanyi a lokacin hunturu?

Sabon Baƙo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan ne hunturuna na farko a wani gari da ke cikin kwari, tsaunuka sun saka shi a tsakiya gabas da yamma, kuma hasashen yanayin makon nan ya ɗaure mini kai. An ce za a yi hazo mai kauri safe da yamma, an ce dusar ƙanƙarar da ta zuba kwanakin baya ba za ta narke ba, sannan aka yi gargaɗin cewa iska za ta tsaya cik na tsawon kwanaki, don haka a rage ƙona itace, masu ciwon asma kuma su rage fita. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙauyukan da ke can saman tsauni sun fi mu ɗumi a taswirar da aka nuna, alhali abin da na koya tun ina makaranta shi ne duk yadda mutum ya ƙara hawa sama, sanyi ƙaruwa yake yi. Mai gabatar da hasashen ma ya ambaci guguwar da ke tafe kamar yana yi mana albishir. Ina roƙon wanda ya san lamarin ya warware mini.

Mai Lura da Sama ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka koya daidai ne a mafi yawan lokuta, domin bisa al'ada zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyos a duk kilomita ɗaya da aka hau. Amma kwari a lokacin hunturu yana kifar da wannan tsarin. Dare yana da tsawo, kuma idan sama ta yi garau babu gajimare, ƙasa tana sakin ɗumin da ta tara da rana, sai iskar da ke shafar ta ta yi sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangaro daga jikin tsaunuka kamar yadda ruwa yake gangara, ta taru a ƙasan kwarin ta kwanta. Idan aka yi dace a lokacin matsin iska mai ƙarfi ya mamaye yankin, iskar can sama tana saukowa a hankali, tana matsuwa tana ƙara ɗumi, har ta zauna a kan mai sanyin kamar murfi a kan tukunya. Rana kuwa a wannan lokacin ba ta hawa tsakiyar sama, ba ta da ƙarfin da za ta ɗumama ƙasa har iskar ƙasan ta tashi ta ture murfin.

Daga nan sauran abubuwan da ka lissafa suke fitowa. Iska idan ta yi sanyi har ta kasa riƙe danshin da ke cikinta, danshin yakan zama ƙananan ɗigon ruwa, shi ne hazon da kake gani. Shi kuma hazon yana tare hasken rana, sai gobe ta fi yau sanyi. A jihar Utah ta Amurka akwai wani kwari mai suna Peter Sinks, rami ne a saman tsaunuka wanda iska mai sanyi ba ta da mafita daga cikinsa, kuma a watan Fabrairun 1985 sanyinsa ya kai kusan digiri 56 ƙasa da sifili.

Tsohon Direba ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai abin da idona ya gani zan ƙara. Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota a hanyoyin tsaunuka, kuma sau da yawa nakan tashi daga ƙasan kwari ban iya ganin motar da ke gabana, rassan itatuwa duk sun yi fari fat saboda hazon da ya daskare a jikinsu, amma da na yi ta hawa sai kawai in ɓullo cikin rana mai haske har in zuge gilashi. Idan na waiwaya ba na ganin garin ko kaɗan, sai wani shimfiɗaɗɗen abu mai launin toka. Yaro, idan kana son ganin murfin da idonka, ka lura da hayaƙin da ke fita daga bututun gidaje da sassafe, za ka ga ya tashi kaɗan sannan ya lanƙwashe ya bazu a kwance kamar ya bugi rufi. In za ka yi tuƙi, ka kunna ƙaramar fitila, domin babbar hazon ne zai mayar maka da haskenta cikin ido, kuma ka ji tsoron gada, tana yin santsi tun kafin sauran titi ya daskare.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Baba ya ambaci hayaƙi, kuma a ganina nan ne gargaɗin ya fi nauyi. Duk abin da motoci da masana'antu da murhunan itace suka fitar yana nan ƙarƙashin murfin, kullum yana ƙaruwa. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin ƙura da faɗinsu bai wuce mikromita 2.5 ba, waɗanda suke kutsawa har can cikin huhu (mikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2021 ta ba da shawarar kada matsakaicin yawansu na yini guda ya wuce mikrogiram 15 a kowane kubik mita na iska (mikrogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma kwarin da ya shafe kwanaki a toshe yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba. A watan Disambar 1930 irin wannan hazo ya rufe kwarin kogin Meuse a Beljiyam, inda masana'antu suka yi yawa, mutane sama da 60 suka rasu. A Oktobar 1948 haka ta faru a garin Donora na jihar Pennsylvania ta Amurka, mutane 20 suka rasu, abin bai lafa ba sai da aka yi ruwan sama. Tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya ko asma ne suka fi jin jiki, kuma mai motsa jiki da gudu ya haƙura har iska ta washe.

Sabon Baƙo ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Ke nan duk dusar ƙanƙarar da ta zubo alheri ce, tunda tana zuwa da guguwa?

Mai Lura da Sama ya amsa:

Ba kowace ba. Guguwar da ake fata ita ce mai iska mai ƙarfi wadda za ta shiga kwarin ta share shi, ko wadda za ta kawo iska mai tsananin sanyi a sama har murfin ya rasa ɗuminsa. Mai rauni kuwa takan wuce ta saman murfin, ta yayyafa sabuwar dusar ƙanƙara ta tafi, ita kuma sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama, sai kwarin ya ƙara sanyi, murfin ya ƙara zama daram. Saboda haka idan ka duba hasashen gobe, ka fara neman ƙarfin iskar da aka ce za ta biyo guguwar kafin ka duba yawan dusar.