Lambobin yaƙin Bama da iyayenmu suka bari: yaya kuka yi da naku?

Jikan Saje, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina so in ji yadda waɗanda suka gaji lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Biyu suka yi da su, domin maganar ta taso a gidanmu bayan rasuwar baffanmu, wanda kayan kakanmu suke hannunsa. Lambobin uku ne: taurari biyu na jan ƙarfe masu tsini shida, da wata fara mai kama da tsohon kuɗi, ɗauke da kan Sarki Joji na Shida. Kakanmu yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1944. Abin da ya dame ni shi ne babu sunansa a jikin ko ɗaya, takardar sallamarsa kuma gara ta cinye fiye da rabinta. Yanzu wasu na cewa a raba wa ɗakuna uku, kowane ɗaki ya ɗauki ɗaya, ni kuwa raina bai kwanta da hakan ba.

Tsohon Samanja, Kaduna:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada rashin sunan ya sa ka zaci jabu ne, domin Ingila ba ta buga suna a yawancin lambobin wannan yaƙi ba. Ka duba ƙyallen da aka rataye su da shi. Wanda yake da ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, shi ne Tauraron Bama, na waɗanda suka yi aiki a fagen daga na can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Mai shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske shi ne tauraron 1939 zuwa 1945. Farar kuwa ana ba duk wanda ya cika kwana 28 cikin kaki a lokacin yaƙin.

Mahaifina yana da na huɗu, Tauraron Afirka, saboda yana cikin birged ɗin Nijeriya da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta wuce har Harar a ƙasar Habasha, kafin daga baya a kwashe su zuwa Indiya. Na taso ina ganinsa yana jera su a ƙirji ranar fareti, ni ma na shiga soja na samu nawa na yaƙin basasa, don haka na san ciwon abin. Shawarata ita ce kada ku raba. Jerin lambobin a haɗe shi ne yake nuna inda mutum ya taka, idan an warwatsa su kowace ta zama ƙarfe kawai. Ka lallaɓa abin da ya rage na takardar ka nemo lambarsa ta soja, wadda ta 'yan Nijeriya take farawa da NA, ka rubuta ta a wuri fiye da ɗaya.

'Yar Kofur, Kano:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma, ka faɗi gaskiya, amma mu mun makara. Da mahaifinmu ya rasu, malamin da ya raba gado ya ce a yi wa lambobin kuɗi kamar sauran kaya, aka kai wa wani mai sayen tsofaffin kayan tarihi, ya yi musu farashin da bai kai na buhun gero ba. Yayyena maza suka amince, musamman da yake wata gwaggonmu ta daɗe tana ƙorafin ajiye hoton sarkin Turawa a ɗaki. Ni ina ƙarama a lokacin, ba ni da ta cewa. Abin da ya rage a hannuna shi ne alamar kafaɗarsa ta Runduna ta 82, mai zanen mashi biyu a gicciye a kan gammo, wadda mahaifiyata ta ɓoye a ƙasan adakarta.

Wannan gammo ya fi komai taɓa min zuciya, domin mahaifina bai fara da riƙe bindiga ba. Yana cikin 'yan dakon da suke ɗaukar harsashi da abinci da magani a ka, suna ratsa duwatsun Arakan inda mota ba ta shiga, sai dai jirgin sama ya jefo kaya su kwasa. Yakan ce zazzaɓi da atuni da matsattsaku sun ci mutanensu kamar yadda harsashi ya ci. Duk da raina aikin da ake yi, tauraron da aka ba shi iri ɗaya ne da na mai bindiga, kuma a ganina nan ne kawai aka yi musu adalci.

Ɗan Damagaram, Nijar:
Mu namu na Faransa ne. Kakana yana cikin sojojin Afirka da suka sauka a kudancin Faransa a Agustan 1944, ya dawo da lambar tsohon mayaƙi da katinta mai hoto. Katin ya fi lambar amfani a wurinsa, tun da da shi yake karɓar fansho, sai dai dokar Faransa ta 1959 ta tsayar da fanshon mutanen ƙasashen da ta rena a kan adadin da yake a lokacin samun 'yancin kai, alhali na Faransawan da suka yi yaƙi tare yana ta hawa. Ba a fara daidaita shi sosai ba sai a 2007, aka kammala a 2011, lokacin da shi da yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka a ƙarshen rayuwarsa ya daina sa lambar, ya ce ba ta sayen hatsi. Mun ajiye ta tare da katin a hannun babban gida, kuma babu wanda ya taɓa kawo maganar rabo.

Malamin tarihi, Legas:
Ni ba lamba na gada ba, amana aka ba ni. Wani tsoho maƙwabcinmu a unguwar Hausawa, wanda bai bar ɗa ba, ya damƙa min nasa kafin ya rasu. Su nake kaiwa aji, domin ɗalibai suna wucewa ta barikin Myohaung a Yaba da na Arakan a Apapa da na Dodan a Ikoyi ba tare da sanin cewa sunayen wuraren Bama ne ba, haka ma Kalapanzin da Dalet a Kaduna. Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da ta yi yaƙi a Bama. Idan yaro ya riƙe tauraron a tafin hannunsa, tambayoyinsa sukan bambanta da na mai karanta littafi. Ina roƙon 'yan'uwa abu guda: kada a goge su da toka ko yashi ko lemon tsami, domin zanen yana shafewa. Tsumma mai laushi ya isa, a kuma raba su da danshi, a bar tsohon ƙyallen ko da ya koɗe.

Tsohon Samanja, Kaduna:
Madalla, Malam. Wani ya tambaye ni ko jika zai iya sa lambobin kakansa ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Al'adar da muka gada daga sojan Ingila ita ce mai lamba ya sa a ƙirjin hagu, magajinsa kuma a ƙirjin dama, don kowa ya gane cewa ba shi ya je ba. Na taɓa ganin wani matashi ya jera na mahaifinsa a hagu, tsofaffi suka ja shi gefe cikin mutunci suka gyara masa. 'Yata ta Kano, ki sa wannan alamar gammo a cikin gilashi, ki rubuta sunan mahaifinki da garinsu da rundunarsa a baya. Kai kuma ɗana na Zariya, ka tara ɗakunan uku gaban babban gidanku, a rubuta wanda zai riƙe da wanda zai karɓa bayansa, shaidu su sa hannu, kowane ɗaki kuma a ba shi hoton lambobin da na ragowar takardar.